Primitivo da Zinfandel: wai inabi ɗaya ne, kuma me ya sa ruwansa ke da ƙarfi haka?

Ladi_Manduriya
Salama gare ku, 'yan'uwa. Kafin in fara ina neman afuwar 'yan'uwanmu Musulmi da ke zauren nan, don tambayata ta shafi ruwan inabi mai sa maye, kuma na san matsayinsa a wurinku. Ni 'yar Katolika ce daga Kafanchan. Shekarata biyu ina kula da wata tsohuwa a garin Manduriya, kusa da Taranto, a kudancin Italiya. Duk ranar Lahadi 'ya'yanta sukan taru a ci abinci, kuma ba a raba teburinsu da kwalbar wani jan ruwan inabi mai suna Primitivo. Suna ji da shi kamar yadda mu a kudancin Kaduna muke ji da cittarmu.

Makon jiya jikanta da ke zaune a Kalifoniya ya zo. Da ya kurɓa sai ya ce ai wannan shi ne abin da Amurkawa ke kira Zinfandel. Ran kawunsa ya ɓaci, ya ce Primitivo nasu ne tun kaka da kakanni. Aka yi ta musu har aka tashi ba a rabu da maganar ba.

Tambayoyina uku ne. Wa ke da gaskiya a cikinsu? Sannan na ɗanɗana rabin kofi, na ji ƙamshi kamar na ɗinya da zabibi, amma a baki babu zaƙi sosai, sai wani ɗumi da ya sauka mini har ƙirji. Me ke kawo haka? Na uku, na yi musu alkawarin girkin gida Lahadi mai zuwa, wane abinci ne zai tafi da shi?

MalamSani_Bireshiya
Barka da yamma, 'yar'uwa Ladi. Kin shigo da ladabi, za a amsa miki da ladabi. Ba zan hana ki tambaya ba, addininki daban, namu daban. Amma wajibina ne in tunatar da 'yan'uwa Musulmi da za su karanta: giya haram ce, kaɗan ɗinta da mai yawanta, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta rufe wannan ƙofa. Hadisi kuma bai tsaya ga mai sha ba, ya haɗa da mai matsa ta, da mai ɗaukarta, da mai sayarwa, da mai zubawa. Wanda zai karanta don ilimin shuka da tarihi, bismillah. Kada dai bayanin ɗanɗano ya ja zuciyar wani.

MaiUnguwa
Mun gani, Malam, Allah ya saka da alheri. Zauren nan na masu jin Hausa ne mazauna ƙetare, Musulmi da Kirista. Tambayar za ta zauna. Sharaɗi biyu: ban da tallar kaya, ban da zagin addinin kowa.

Habu_Samaru
Anti Ladi, ni Musulmi ne, ban taɓa sha ba, amma karatun aikin gona nake yi a Bari kuma wannan inabi yana cikin abin da ake ba mu misali da shi. Jikan yana da gaskiya: iri ɗaya ne. Kawun kuma yana da rabin gaskiya, don sun fi shekara ɗari biyu suna noma shi. Sai dai asalinsa ba Italiya ba ne, ba kuma Amurka ba. Daga Kuroshiya yake, can tsallaken tekun da ke gabashinku.

Ga yadda aka gano. A 1967 wani masanin cututtukan shuka daga Amurka, Austin Goheen, ya zo yankin Puliya, wato yankin da Manduriya da Bari suke, ya ga kurangar Primitivo, ya ce wannan ai kamar Zinfandel ɗinsu na gida. Ya sa aka kai reshenta Kalifoniya aka dasa kusa da tasu. A shekarun 1990 gwajin DNA ya tabbatar babu bambanci. Sai tambaya ta koma: to daga ina dukansu suka fito? Farfesa Carole Meredith ta jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta haɗa kai da masana biyu na jami'ar Zagreb, Ivan Pejić da Edi Maletić, suka yi ta bin tsofaffin gonaki a gaɓar tekun Dalmashiya, wani yanki na Kuroshiya, daga 1998. Da farko an zaci wani inabi ne mai suna Plavac Mali, sai gwaji ya nuna shi ɗa ne, Zinfandel ne ya haife shi. A ƙarshen 2001 suka dace a wata gona a Kaštel Novi, kusa da birnin Split. Kuranga tara kacal aka samu a cikin dubbai. A can ana kiransa Crljenak Kaštelanski, tsohon sunansa kuma Tribidrag, wanda ke cikin takardun ƙarni na 15.

Abin da ya fi taɓa ni a labarin shi ne kuranga taran nan. Iri ya kusa ƙarewa a gidan ubansa alhali yana mulki a ƙasashen waje.

Garba77
Ni na ɗauka sunan Primitivo yana nufin na mutanen da, wato na ƙauye, wanda bai waye ba.

Habu_Samaru
A'a, Malam Garba. Ma'anarsa na farko, mai rigan nuna. A ƙarshen ƙarni na 18 wani limamin coci a garin Gioia del Colle, Francesco Filippo Indellicati, ya lura wata kuranga tana riga sauran nuna, ya ware ta ya yawaita ta. Kamar yadda muke bambanta gero da maiwa, ɗaya ya riga ɗaya isa girbi. Tun ƙarshen Agusta ake fara yankansa.

KukuYakubu
Ƙanwata Ladi, bari in ɗauki tambaya ta biyu, don wannan aikina ne. Shekara goma sha ɗaya ina girki a wani gidan abinci a Lecce, ni kuma Kirista ne daga Pankshin, ina sha daidai gwargwado.

Hancinki bai yaudare ki ba. Da na fara aiki ana ta gaya mini sunayen 'ya'yan itatuwan da ban taɓa gani a daji ba, wai in ji ƙamshinsu a kofi. Na yi wata da watanni ina gyaɗa kai kawai. Ranar da na daina neman nasu na koma neman namu, ranar na fara ganewa. Primitivo mai kyau yana da ƙamshin ɗinyar da ta nuna ta yi baƙi, da zabibi, da busasshen ɓaure, can ƙasa kuma akwai masoro. Idan ya kwana a gangar katako wata da watanni sai kanumfari da kirfa su shigo. Wani lokaci a farkon kurɓa akwai ɗan tsami irin na zoɓon da ba a sa wa sukari ba.

Dalilin da kika ji ƙamshin zaƙi amma baki bai samu ba: sukarin da ke cikin inabin yisti ya cinye shi ya mai da shi barasa. Ƙamshin 'ya'yan itacen ya zauna, sukarin ya tafi. Ɗumin da ya sauka ƙirjinki shi ne sukarin nan a sabuwar rigarsa. Duba bayan kwalbar za ki ga 14 ko 14.5 ko 15 cikin ɗari, wani har 16. Yawancin ruwan inabi na tebur 12 ne zuwa 13. Wanda aka rubuta wa Primitivo di Manduria doka ba ta yarda ya kasa 13.5 ba.

Sai abu na uku da za ki kula da shi, bauri. Kin san yadda goro ko ɗanyar kanya ke kama dasashi? Wannan daga ɓawo da ƙwallon inabi yake fitowa. A Primitivo baurin mai laushi ne, bai kai na wasu jajayen ba, shi ya sa baƙo ke saurin sabawa da shi. Nan kuma haɗarinsa yake, don yana sauka da sauƙi alhali ƙarfinsa ya fi yadda baki ke ji.

Yadda nake koya wa sababbin yara a wurin aiki: zuba kashi ɗaya cikin uku na kofi, kada ki cika. Juya shi a hankali, shinshina, ajiye, ki ba shi minti goma ki sake shinshinawa. Za ki ji ya buɗe, kamar miyar kuka da ta huce kaɗan ta fi wadda aka sauke yanzu bayyana daddawarta.

Habu_Samaru
Ƙari kan maganar Kuku, da lissafi. Kusan giram 17 na sukari a lita ɗaya na ruwan inabi shi ke ba da kashi 1 cikin ɗari na barasa. Inabin da ya sha ranar Puliya yakan kai giram 250 a lita, ka ga an doshi 15 ke nan. Sannan wannan iri yana da wata ɗabi'a: 'ya'yan da ke nono ɗaya ba sa nuna tare. Za ka ga wasu da sauran kore, wasu sun nuna daidai, wasu har sun yanƙwane sun zama zabibi, duk a reshe ɗaya. Manomi in ya jira na baya su nuna, na gaba sun bushe. Zabibin nan da Anti ta ji a hanci zabibi ne na gaske da ya shiga matsewa, ɗan tsamin kuma na waɗanda ba su gama nuna ba ne.

DanTawa_Fojiya
Wallahi gaskiya ne wanga zance na Habu, da idona na gani. Kaka ukku ina yankan inabi tsakanin Manduriya da Saba. Itacen gajere ne, bai wuce ƙugu ba, ba a ɗora shi bisa waya, su kan ce mishi alberello, wato ɗan itace. Ƙasar ja ce jawur, da duwatsu farare. Sai ka duƙa ko ka durƙusa tun asuba, almakashi a hannu, akwati a gaba. In rana ta take, hannunka ya yi danƙo kamar ka taɓa zuma, zanzaro na bin ka. Bayan mako ukku ko huɗu da yankan farko mu kan koma mu tsinci ƙananan nonna da sunka fito daga baya, su ke kira racemi.

Ku da ke magana bisa ƙamshi, ku tuna da bayan da ya duƙa. Shekarar farko wani ɗan kwangila ya kwashe mu a mota, ya cire kuɗin mota, ya cire kuɗin ruwan sha, abin da ya rage bai kai rabin alkawari ba. Ba ni da takardu lokacin, ban iya cewa komi ba. Yanzu alhamdu lillahi ina da kwantaragi.

Ladi_Manduriya
Sannu, ɗan'uwa Ɗan Tawa. Ina ganinku da sassafe ta taga kuna wucewa a keke, ban taɓa tunanin akwai mai jin Hausa a ciki ba. Allah ya sa albarka a guminka.

Barista_Hadiza
Ɗan Tawa, abin da aka yi maka suna da suna gare shi a nan, caporalato, kuma laifi ne. Doka mai lamba 199 ta shekarar 2016 ta sa hukunci ya hau kan mai gonar ma, ba ɗan kwangila kaɗai ba. Tun 2021 kuma gwamnatin yankin Puliya take fitar da umarnin hana aikin gona a rana daga sha biyu da rabi zuwa ƙarfe huɗu a kwanakin tsananin zafi. Duk wanda ke wannan aiki ya riƙa rubuta ranaku da awoyinsa a takarda, ya ɗauki hoton gonar. Ranar da za a nema, su ne shaida.

DanTawa_Fojiya
Na gode, Barista. Malam Sani, tun da kun kawo hadisi, ni abin na damuna tun da daɗewa. Ban sha ba, ban matsa ba, amma na san inda inabin nan za shi. Mi ne hukuncin kuɗina?

MalamSani_Bireshiya
Ɗan'uwa, damuwarka alamar imani ce. Abin da na karanta a wurin malamanmu na Malikiyya da mafi yawan malamai shi ne bai halatta a sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi ba, saboda taimako ne a kan saɓo. Yanka shi a gonar da aka san don matsewa aka shuka ta yana kusa da wannan. Ba zan yanke maka hukunci a zaure ba, don ban san halin da kake ciki ba, kuma larura tana da nata babin. Ka zauna da malamin da ya san ka. Shawarata dai, Puliya ita ce kan gaba a Italiya wajen inabin ci, wajen Rutigliano da Noicattaro gonakinsa ne ko'ina. Ga tumatir a Fojiya, ga zaitun daga Oktoba. In ka samu hanyar komawa can, zuciyarka za ta fi natsuwa.

Bulus_Sakramento
Gaisuwa daga wannan ɓangaren. Ni ma'aikacin asibiti ne, gidana bai kai tafiyar awa ɗaya zuwa Lodi ba, garin da ke kiran kansa hedikwatar Zinfandel ta duniya. Ladi, ki gaya wa kawun nan ya kwantar da hankali, su ma Amurkawa sun daɗe suna cewa nasu ne, gwajin nan ya kwance wa kowa zani.

Yadda ya iso nan: a shekarun 1820 wani mai renon shuke-shuke a Long Island, George Gibbs, ya kawo rassan inabi daga lambun sarki da ke Biyana, babban birnin Ostiriya. Lokacin Dalmashiya tana ƙarƙashin daular Ostiriya. A Boston an fara noma shi ne don ci, a ɗakunan gilashi. Da aka gano zinariya a Kalifoniya mutane suka kwarara yamma daga 1849, a shekarun 1850 kurangar ta bi su. Har yau a Lodi da Sonoma da Amador akwai kurangun da suka haura shekara ɗari suna ba da 'ya'ya. Na tsaya a gabansu. Kututture ne murɗaɗɗe, gajere, irin wanda Ɗan Tawa ya kwatanta, 'ya'ya kaɗan amma ɗanɗano a tattare.

Sau biyu kurangun nan suna tsallake rijiya da baya. Daga 1920 zuwa 1933 Amurka ta haramta sayar da barasa, amma an bar magidanci ya matsa na gidansa har galan 200 a shekara, sai aka riƙa loda inabi a jirgin ƙasa zuwa biranen gabas, gonaki da yawa suka rayu. Na biyu a shekarun 1970, lokacin da kasuwa ta koma ga farin ruwan inabi. A 1975 a kamfanin Sutter Home yisti ya tsaya bai gama cin sukari ba, aka samu wani ruwa mai launin hoda, mai zaƙi, mara ƙarfi. Suka sayar da shi da sunan White Zinfandel, ya karɓu ƙwarai. Masana suna raina shi, amma kuɗinsa ne ya hana manoma da yawa tumɓuke tsofaffin kurangu.

Bambancin da nake ji a baki: namu na nan ya fi kaifin masoro da ɗanyen 'ya'yan itace, naku na Manduriya ya fi karkata ga busasshen ɓaure da zabibi. Uwa ɗaya uba ɗaya, kowa da garin da ya tashi.

Garba77
To tsaya. Yaya baƙin inabi zai ba da ruwa mai launin hoda? Ko kala ake zubawa?

KukuYakubu
Ba a zuba komai. Matse ƙwaya ɗaya a farin faranti ka gani, ruwan cikinta kusan fari ne. Launin yana ɓawo. In an bar ruwan ya jiƙa da ɓawon kwana bakwai ko goma ko fiye, ya yi ja har ya doshi baƙi, ya kwashi bauri. In an raba su bayan 'yan awoyi, hoda. Kamar zoɓo ne, gwargwadon jiƙawa gwargwadon launi.

Rifkatu_Jos
Ina so a sani ba duk Kirista ke sha ba. A ikilisiyarmu ba ma sha sam, ko a Jibin Ubangiji abin da ba ya sa maye ake ba mu. Afisawa 5:18 ta ce kada a bugu da ruwan inabi. Na ga abin da burkutu da ogogoro suka yi wa gidaje a unguwarmu, ƙanin mahaifina bai kai hamsin ba. Ladi 'yar'uwata, ba hukunta ki nake yi ba, amma kina ƙasar mutane ke kaɗai. Ki kula.

Ladi_Manduriya
Na gode, Yaya Rifkatu, na ji kuma na riƙe. Mu a wurinmu buguwa ce zunubi, ruwan inabi kuwa yana kan bagade kowace Lahadi, kuma mu'ujizar farko a Kana ta Galili a kansa aka yi. Amma gargaɗinki gaskiya ne. Abin da na lura a gidan nan, ba a sha sai da abinci, kwalba ɗaya mutum shida, kuma ban taɓa ganin wanda ya yi tangaɗi ba.

NasAsabe
Bari in sa baki a matsayin ma'aikaciyar jinya. Kofi ɗaya na mililita 150 mai ƙarfin 15 cikin ɗari daidai yake da kusan rabin lita na giyar kwalba mai 5. Mutane suna ƙirga kofi su manta da lambar da ke jikin kwalba. Zancen da ake yi cewa jan ruwan inabi maganin zuciya ne, kada wanda ba ya sha ya fara saboda shi. A farkon 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa, kuma tun 1988 aka sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara. Mai ciki, mai ciwon hanta, mai shan maganin barci, su nisance shi gaba ɗaya. Masu tuƙi a Italiya, iyaka giram 0.5 ne a litar jini, wanda lasisinsa bai kai shekara uku ba kuwa sifili ne. Ladi, ki kuma duba magungunan tsohuwar da kike kula da ita kafin a zuba mata.

MamanZongo
Ni dai duk bayanin ɗinya da ɓaure ya sa ina son in san ɗanɗanon inabin kansa. Mu da ba ma sha, babu hanyar da za mu ɗanɗana shi da halal? A kasuwa a nan Modena ban taɓa ganin an rubuta Primitivo a kan inabi ba.

DanTawa_Fojiya
Hajiya, ba a kai shi kasuwa, bai jure tafiya, ɓawon sirara ne. Amma na ci shi a gona har na gaji. Ƙanana ne, baƙaƙe masu shuɗi-shuɗi, da ƙwallo ciki. Zaƙinshi ya fi na inabin kasuwa nesa ba kusa ba, sai ka sha ruwa bayanshi. Waɗanda sunka yanƙwane bisa itace kuwa kamar dabino.

Ladi_Manduriya
Hajiya, akwai hanya! Tsohuwata tana da wani abu a kwalba da take kira vincotto. Sunan yana nufin dafaffen ruwan inabi, amma babu barasa a ciki, don ranar da aka matse ake ɗora shi a wuta kafin ya fara tsima. A yi ta dafawa a hankali har ya ƙafe ya yi kauri kamar maɗi. Da Kirsimeti suke tsoma wani soyayyen fulawa mai suna cartellate a ciki. Wasu da ɓaure suke yin nasu, don haka ki tambaya na inabi.

MalamSani_Bireshiya
Allahu akbar. Wannan abin da kika kwatanta yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Da Sayyidina Umar ya je Sham, mutanen ƙasar suka dafa masa ruwan inabi har kashi biyu cikin uku ya tafi, kashi ɗaya ya rage. Ya sa yatsa ya ɗaga, abin yana zarara, ya kwatanta shi da kwaltar da ake shafa wa raƙuma, ya yarda su sha. Sunansa ɗila'u. Sharaɗin dai kada ya zama mai sa maye. Hajiya, ki karanta jikin kwalba, in babu barasa a ciki, ki ci da ƙosai ma in kin so. Haka khal, wato binigar, idan giya ta juye da kanta ta zama khal ta tsarkaka.

Isiya_Hunkuyi
Ina bin ku daga gida, wana ne ya sa ni a zauren. Mu a ƙaramar hukumar Kudan muna noman inabi, na ci, kuma da rani 'yan kasuwa har gona suke zuwa. Malam Habu, wannan irin zai yi a wurinmu? Ba don giya ba, don zaƙin da Ɗan Tawa ya faɗa, ko a yi wannan maɗin.

Habu_Samaru
Malam Isiya, zafi ba zai dame shi ba, yana son rana. Matsalar ruwa ce. Nononsa a cushe yake, 'ya'yan suna matse juna, ɓawon kuma siriri. Ruwan sama ɗaya in ya same shi dab da nuna, ƙwaya ɗaya ta fashe a tsakiya, ruɓa ta bi nonon duka. A Puliya yana tsira ne don bazararsu busasshiya ce kuma yana riga ruwan kaka. A wurinmu dole a daidaita askin rassa yadda zai nuna cikin rani tsantsa, kamar yadda kuke yi wa naku. Kuma mai saye a kasuwar gida yana son ƙwaya babba mai kyan gani wadda za ta kai Legas ba ta fashe ba, wannan kuwa ƙarama ce mai ƙwallo. In gwaji ne, layi ɗaya ya isa, kuma a bi ta hukumar killace tsirrai, kada a sako reshe a jaka a shigo da cuta. Maɗin kuwa da inabin da kuke da shi ma za a iya yi, musamman wanda ya fashe ba zai sayu ba.

Garba77
Shi kuma Shiraz da nake gani a kanti, daga birnin Shiraz na Iran yake?

Habu_Samaru
Suna ne kawai. Shi ma gwajin DNA ya nuna ɗan kudu maso gabashin Faransa ne, iyayensa Dureza da Mondeuse Blanche. Wani iri ne daban, kada mu haɗa su.

KukuYakubu
Mun bar Ladi da tambayarta ta uku. Ƙanwata, wannan ruwa abokin nama ne mai maiƙo da hayaƙi. Balangu, tsire, gasasshen rago, farfesun jelar sa in an rage barkono. Maiƙo yana kwantar da bauri, ƙulin da ke yajin tsire kuma yana tafiya da ƙamshin busassun 'ya'yan itacen nan. Abin da za ki guje wa shi ne attaruhu mai yawa. Barasa tana rura zafin barkono, 15 cikin ɗari a kan miya mai yaji wuta ce a kan wuta, ba za su ji abincin ba, ba za su ji ruwan ba. Ki ƙara citta da kanumfari da masoro, ki rage barkono zuwa kashi ɗaya cikin huɗu na yadda za ki sa wa kanki. Kifi da miyar kuɓewa ki bar su wata rana.

Sannan zafin kwalbar. Ana cewa a sha ja a yanayin ɗaki, amma ɗakin Manduriya a watan Yuli ya haura digiri 30. Da ɗumi barasar ce kawai za ta daki hanci. Yana son 16 zuwa 18. Sa shi a firji minti ashirin kafin a zauna. In kin ga an rubuta Dolce Naturale, wannan mai zaƙi ne na bayan abinci, ba na nama ba.

Bulus_Sakramento
Na yarda da Kuku sai a abu ɗaya. Ni na ci shi da dafa-duka mai yaji sosai kuma ya yi mini daɗi, don 'ya'yan itacen da ke cikinsa suna rungumar tumatir. Wataƙila bakin da ya tashi da attaruhu daban ne da na Italiyawa.

KukuYakubu
Bakinka ne, Yaya Bulus, ba na musu. Amma ita tsohuwa 'yar tamanin za ta ciyar.

Ladi_Manduriya
'Yan'uwa, na dawo da labari. Na yi tsire da naman rago a kan gawayi a bayan gida, da shinkafa dafa-duka, barkono kaɗan kamar yadda Kuku ya ce, na ajiye yaji a gefe don mai so. Na sa kwalbar a firji, kawun ya zaro ido, amma da ya kurɓa ya yi shiru ya ƙara. Wannan karon na bi a hankali, na shinshina na ajiye na sake. Na samu ɗinyar, na samu masoron, kanumfarin ne ban samu ba. Na duba takardar magungunan tsohuwa, Nas Asabe, na kuma tambayi likitanta, ya ce ɗan kaɗan a ƙasan kofi.

Na ba su labarin Kuroshiya da kuranga tara. Jikan ya yi murna. Kawun ya ce ko da daga can ya zo, jar ƙasar Manduriya ce ta mai da shi abin da yake, kuma kakarsa ta ba shi labarin cewa wata amarya ce ta kawo rassan garin cikin kayan aurenta. Har yanzu bai yarda a kira nasa Zinfandel ba.

Isiya_Hunkuyi
Anti Ladi, don Allah ki tambayar mini tsohuwar: maɗin nan awa nawa yake yi a wuta, kuma ana tace ƙwallon kafin a ɗora ko bayan an sauke?

Ladi_Manduriya
Na tambaye ta yanzu, Malam Isiya. Ta ce a tace da ƙyalle mai tsabta tun kafin a ɗora, kada ɓawo ko ƙwallo ya shiga, in ba haka ba zai yi ɗaci. Wuta ƙasa-ƙasa, ana kwashe kumfa, ana juyawa da muciya don kada ya kama. Ita ba ta ƙirga awa, tun safe take ɗorawa har yamma. Takan sa tsinke ta auna zurfinsa a tukunya da farko, in ya koma kashi ɗaya cikin uku sai ta ɗiga a faranti ta karkata shi. In ɗigon ya tsaya bai gudu ba, ya yi.